Darasi na 14: Hadarin Gabas da Masu Farautar Guguwa

Gabatarwa

Kun riga kun san cewa Hausawa sun kasa shekara kashi huɗu: rani da bazara da damina da kaka. Kowane lokaci yana da irin iskarsa. Manomi da makiyayi da matafiyi duk suna lura da ita, domin abincinsu da lafiyarsu sun dogara a kanta. A wannan darasi za ku karanta bayani game da iska mai ƙarfi, da yadda take tasowa, da mutanen da suka mai da bin ta sana'a. Za mu fara daga Kumbashi ta ƙasar Kontagora, mu leƙa Amurka, sa'an nan mu komo gida.

Kafin ku shiga karatu, ku kula da wasu kalmomi biyu masu kama da juna. Hadari, da d mara lanƙwasa, shi ne baƙin girgijen da yake haɗowa kafin ruwan sama. Haɗari, da ɗ mai lanƙwasa, shi ne abin da zai iya jawo rauni ko asarar rai, wasu kuma suna cewa hatsari. Saboda haka daidai ne a ce, "Akwai haɗari a cikin hadari."

1. Zuwan hadari a Kumbashi

Kumbashi tana cikin Ƙaramar Hukumar Mariga, a masarautar Kontagora, arewacin Jihar Neja. Akwai Acipawa da Hausawa da Fulani a yankin. Mutane da yawa a can suna da harshensu na gida, Hausa kuwa ita ce ta kasuwa da hulɗa, kamar yadda take ga da yawa daga cikinku. Noma da kiwo su ne manyan sana'o'i. Ana shuka dawa da masara da gero da gyaɗa da wake, kuma da ruwan sama ake noma su.

A watannin Maris da Afrilu zafi yakan kai matuƙa. Daga nan sai a fara ganin alamun damina. Shamuwa takan iso daga kudu, ta yi sheƙa a kan itatuwan gari. Iska takan juya: busasshiyar iskar arewa maso gabas ta ɗauke, wata mai laima ta riƙa busowa daga kudu maso yamma. Da dare akan hango walƙiya can nesa, amma ba a jin tsawarta.

Ran da hadarin zai zo, yawanci da la'asar ko da dare, gabas takan yi baƙi ƙirin. Iska ta tsaya cak, gari ya yi tsit. Can sai wata iska mai sanyi ta taso da ƙarfi, ta ɗebo ƙura da karmami, har mutum ba ya iya buɗe ido. Wannan iska ta farko ita ce mai ɓarna. Ita take yaye rufin kwano, ta ɗauke jinka, ta tuge itatuwa, ta kayar da turakun lantarki. Bayan 'yan mintoci sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, da tsawa da walƙiya, wani lokaci har da ƙanƙara. Ruwa mai ƙarfin ba ya daɗewa. Bayan rabin sa'a ko sa'a ɗaya sai ya koma yayyafi. Wata rana kuma iska ce kawai da ƙura, babu ko ɗigon ruwa. Wannan shi ake kira holoƙo.

Manomi yana murna da hadarin farko, yana kuma shakkarsa. Idan ya yi gaggawar shuka, sa'an nan ruwa ya ɗauke na mako biyu ko uku, irin da ya binne zai ƙone a ƙasa. Idan kuma ya yi jinkiri, damina za ta wuce kafin amfaninsa ya nuna. Ke nan karanta sararin sama ilimi ne da ake ci da shi.

2. Me ya sa hadari yake tasowa daga gabas?

Ga wata tambaya da ta kamata ku yi wa kanku. Idan iska mai laima daga kudu maso yamma take zuwa, wato daga Tekun Atlantika, me ya sa hadari yake ɓullowa daga gabas?

Amsar tana sama. Iskar da muke ji a jikinmu ita ce ta ƙasa ƙasa. Bisanta, kamar kilomita 3 zuwa 4 daga doron ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi wadda take busowa daga gabas zuwa yamma a duk tsawon damina. Iskar ƙasa ce take kawo tururin ruwa, ta sama kuwa ita take tura hadarin.

Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi da laima takan tashi sama. Tana hawa tana yin sanyi, har tururin da ke cikinta ya zama girgije. Girgijen hadari yana iya kai tsawon kilomita 15 ko fiye. Duwatsu da tuddai suna taimaka wa iska wajen hawa, shi ya sa hadari da yawa yake farawa a kan tsaunukan Jos, da duwatsun Azbin a Nijar, da na Darfur a Sudan, da na Habasha. Sau da yawa gizagizai sukan jeru su yi layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita daga arewa zuwa kudu, su nufi yamma gaba ɗaya da gudun kilomita 50 zuwa 60 a sa'a. Irin wannan jerin hadari shi yake kawo mafi yawan ruwan da ake samu a ƙasar Hausa.

Iska mai sanyi da take rigan ruwa isowa fa, daga ina take? Kun san cewa ruwan randa yana yin sanyi saboda wanda ya tsatso ta jikinta yana bin iska. Haka abin yake a cikin hadari. Ruwan da yake zubowa yakan ratsa busasshiyar iska, wani sashensa ya koma tururi, iskar ta yi sanyi. Iska mai sanyi tana da nauyi. Sai ta rikito ƙasa da ƙarfi, ta bazu gaban hadarin, tana share duk abin da ta tarar.

Yanzu ku yi ɗan lissafi. Tsakanin Jos da Kontagora akwai tazarar kusan kilomita 400 a miƙe. Hadarin da ya haɗu a tsaunukan Jos da la'asar, idan bai watse a hanya ba, zai ɗauki kamar sa'a 7 kafin ya iso ƙasar Kontagora, wato sai cikin dare. Wannan yana nuna muku cewa hadari matafiyi ne, yana da hanya, yana da gudu. Abin da yake da hanya da gudu kuwa ana iya bin sawunsa, a yi wa mutanen da ke gabansa gargaɗi.

3. Masu farautar guguwa

A ƙasar Hausa kun saba ganin guguwa da bazara. Takan tashi daga ƙasa da rana tsaka, tana juyawa da ƙura da ganye, ba da daɗewa ba ta mutu. A Amurka akwai wata iri mai tsananin ƙarfi, wadda gidajen rediyon Hausa suke kira mahaukaciyar guguwa. Ita daga cikin hadari take saukowa, kamar mazurari, ta taɓa ƙasa. Tana rushe gidaje, tana jifa da motoci. Akan sami fiye da 1,000 a Amurka kowace shekara. Da yawa suna aukuwa a filayen tsakiyar ƙasar, a jihohin Teksas da Oklahoma da Kansas da Nebraska, musamman daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da iska mai ɗumi da laima daga Tekun Meziko take karo da busasshiyar iska mai sanyi daga arewa da yamma.

Kowa gudun wannan guguwa yake yi, sai wasu mutane kaɗan da suke nufarta da gangan. Su ake kira masu farautar guguwa. Ɗaya daga cikin na farkonsu shi ne David Hoadley, wanda ya fara bin hadari da mota a shekarar 1956. Da safe mafaraucin guguwa yakan duba taswirar yanayi, ya yi hasashen inda hadari zai haɗu. Yana iya tuƙa mota ɗaruruwan kilomita a yini ɗaya, ya kuma koma gida bai ga komai ba. Farauta ke nan, wata rana a samu, wata rana a rasa.

Ba duka ne manufarsu ɗaya ba. Wasu masana kimiyya ne, suna ɗauke da na'urorin awo. A ranar 3 ga Mayu 1999, wata na'urar rada da aka ɗora a kan babbar mota, ƙarƙashin jagorancin Joshua Wurman, ta auna iskar wata guguwa kusa da birnin Oklahoma. Gudunta ya kai kimanin kilomita 480 a sa'a. Wani injiniya mai suna Tim Samaras kuma ya ƙera na'ura mai faɗi wadda iska ba ta iya ɗagawa, yana ajiye ta a kan hanyar guguwa ya gudu. A watan Yuni 2003, a jihar Dakota ta Kudu, guguwa ta bi ta kan na'urarsa, ta ba shi awo daga can cikinta. Wasu mafarautan masu kai rahoto ne: da zarar sun ga guguwa ta taɓa ƙasa sai su sanar da hukumar yanayi. Wasu kuwa hoto suke nema su sayar, ko kallo kawai ya kai su.

Amfanin aikin masanan shi ne lokaci. Gargaɗin da ake ba mutane kafin mahaukaciyar guguwa ta iso bai cika wuce minti 10 zuwa 15 ba. A cikin waɗannan mintoci uwa za ta tattara 'ya'yanta, malami ya kai ɗalibansa mafaka. Duk minti ɗaya da bincike ya ƙara, rayuka ne aka tsirar.

4. Abin da talabijin yake nunawa

Duniya ta san masu farautar guguwa ta hanyar fim da talabijin. Fim ɗin Twister, wanda ya fito a 1996, ya sa matasa da yawa sha'awar wannan aiki. Daga 2007 zuwa 2011 kuma tashar Discovery ta nuna wani shiri mai suna Storm Chasers. A cikinsa an ga Sean Casey da motarsa mai sulke, wadda ya ƙera domin ya shiga cikin guguwa ya ɗauki hoto. An ga Reed Timmer, an ga Joshua Wurman, an kuma ga Tim Samaras da abokan aikinsa.

Idan kuna kallon irin wannan shiri, ku tuna cewa an tace shi. Makonnin da aka yi ana tuƙi da jira akan taƙaita su, a bar wa mai kallo mintocin da suka fi tayar da hankali. Sai mai kallo ya ɗauka cewa kusantar guguwa jarumtaka ce mai sauƙi. Sakamakon haka, a wasu ranaku motocin 'yan kallo sukan cika ƙananan hanyoyi, har su tare wa masu gudu da masu agaji hanya.

A ranar 31 ga Mayu 2013 wata guguwa ta sauka kusa da garin El Reno a jihar Oklahoma. Faɗinta ya kai kilomita 4.2, ba a taɓa auna wadda ta kai ta faɗi ba. Ta ƙara girma da gudu ba zato, ta kuma karkata. Mutum 8 suka mutu, dukansu a cikin motoci. Daga cikinsu akwai Tim Samaras da ɗansa Paul da abokin aikinsu Carl Young. An san Samaras da taka-tsantsan, ya kuma shafe shekaru masu yawa yana wannan aiki. Hausawa suna cewa, "Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah." Idan gwani mai na'urori bai tsira ba, ina ga yaron da ya fito da wayar hannu zai ɗauki hoton hadari?

5. Dusar ƙanƙara a can, hazo a nan

A ƙasashe masu sanyi akwai wata iska mai kisa wadda ba mu da ita. Da hunturunsu ruwan sama yakan daskare tun a sama, ya zubo fari fat, da laushi kamar auduga. Shi ake kira dusar ƙanƙara. Idan iska mai ƙarfi ta haɗu da ita, sai ta zama guguwar dusar ƙanƙara. Hukumar yanayi ta Amurka tana ba ta wannan suna idan sharuɗɗa uku sun cika: gudun iska ya kai kilomita 56 a sa'a, mutum ya kasa hangen abin da ya wuce mita 400, kuma a ɗauki sa'a 3 ko fiye ana cikin wannan hali.

Akwai wadda ta shafi 'yan makaranta irinku. A ranar 12 ga Janairu 1888, a yankin Nebraska da Dakota, gari ya waye da ɗan ɗumi. Yara da yawa suka tafi makaranta ba tare da manyan rigunan sanyi ba. Da rana sai iska ta juya farat ɗaya, sanyi ya sauko, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Kimanin mutum 235 suka mutu, da yawansu yara ne da suka ɓata a hanyar gida. Waɗanda malamansu suka tsare su a cikin aji har gari ya waye, yawancinsu sun tsira. A watan Fabrairu 1972 irin wannan guguwa ta binne ƙauyuka a Iran, ta halaka mutum kimanin 4,000. Ko a kwanan baya, a watan Disamba 2022, fiye da mutum 40 sun mutu a yankin birnin Buffalo na jihar New York, wasu a cikin motocinsu da suka maƙale a hanya.

Mu a nan hunturunmu na ƙura ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana busowa daga hamadar Sahara. Ƙura mai yawa daga cikin wadda take kawowa tana tashi ne daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, wanda a zamanin da can ƙasan wani babban tafki ne. Iska takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi farar ƙurar kwarin, cikin kwana ɗaya ko biyu ta iso arewacin Nijeriya. Sai gari ya yi hazo, rana ta dusashe, leɓe ya tsage, tari da mura su yawaita. Jiragen sama sukan fasa tashi, direbobi su kunna fitila da rana. Wuta kuma takan yi saurin kamawa a daji da kasuwa. Dusar ƙanƙara da hazo sun bambanta, amma sun yi tarayya a abu ɗaya: duka biyu suna rufe wa matafiyi ido.

6. Masu bin hadarin Afirka ta Yamma

Kada ku ɗauka cewa hadarin ƙasarmu bai dami kowa ba sai mu. Da damina, kowane kwana 3 zuwa 5, iskar gabas ta sama takan yi wani lanƙwaso mai tafe da hadari, ya ratsa Cadi da Nijar da Nijeriya da Mali, ya fita teku ta gaɓar Senegal. Wasu daga cikin waɗannan, idan sun sami ruwan teku mai ɗumi, sukan girma su zama guguwar teku. Mafi yawan manyan guguwowin teku na Atlantika daga nan suke samo asali. Ke nan hadarin da ya ratsa ƙasar Hausa a watan Agusta yana iya zama mafarin guguwar da za ta afka wa gaɓar Amurka bayan mako biyu.

Wannan ya sa masana suka zo suna bin hadarinmu. A daminar 2006, ƙarƙashin wani babban shirin bincike mai suna AMMA, masana daga Afirka da Turai da Amurka sun kafa na'urar rada a Yamai, babban birnin Nijar. Sun saki balan-balan masu na'urori, sun kuma tashi da jiragen sama na bincike kusa da jerin hadari suna awo. Su ma masu farautar hadari ne, ko da yake ba su yi suna a talabijin ba.

A Nijeriya aikin lura da sararin sama yana hannun Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003. Tana amfani da tashoshin awo da hotunan tauraron ɗan'adam. A farkon kowace shekara takan fitar da hasashen damina: lokacin da ake sa ran ruwa zai sauka a kowace jiha, da lokacin da zai ɗauke, da wuraren da ake fargabar fari. Takan kuma ba da gargaɗin iska da ruwa mai yawa da hazo.

Gargaɗi ba ya amfani sai ya isa kunnen mutane, sun kuma yi aiki da shi. A ranar 29 ga Mayu 2025, bayan ruwa mai yawa da aka kwana ana yi, ambaliya ta afka wa garin Mokwa a Jihar Neja da sassafe. Fiye da mutum 150 suka rasu, gidaje masu yawa suka rushe. Mokwa da Kumbashi jiha ɗaya suke. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

7. Abin da ya kamata ku yi

Ba’amurke mai farautar guguwa shi yake zuwa wurin hadari. Ku kuwa hadari ne yake zuwa ya same ku a gida ko a gona ko a hanyar makaranta. Ga abubuwan da za ku kiyaye:

(a) Tun da bazara ku tuna wa na gida a duba rufi, a ƙara ƙusa inda kwano ya ɗaga, a sare busassun rassan da suka rufa kan ɗaki, a yashe magudanar ruwa.

(b) Ku riƙa sauraren hasashen yanayi a rediyo. Idan kuna da ɗan'uwa a wani gari da ke gabas da ku, kamar yadda Birnin Gwari take ga mutanen Kumbashi, kiransa na waya zai iya sanar da ku zuwan hadari tun da sauran lokaci.

(c) Idan kun ga walƙiya, ku ƙirga daƙiƙu har ku ji tsawa, ku raba da 3. Abin da kuka samu shi ne nisan hadarin a kilomita, domin ƙara tana tafiyar kilomita 1 a cikin daƙiƙa 3. Idan ƙirgarku ba ta wuce 30 ba, ku shiga ɗaki.

(d) Kada ku fake a gindin itace, kada ku tsaya a fili ko a kan tudu, kada ku zauna cikin rafi ko tafki. Aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a wuri.

(e) Ku dakata minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin ku fita.

(f) Kada ku tsallaka rafi mai gudu bayan ruwa. Ruwa mai ƙarfi da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum.

(g) Akwai masu tsoron taɓa wanda aradu ta faɗa wa. Babu lantarki da yake saura a jikinsa. A taimake shi nan take, a garzaya da shi asibiti.

Ma'anar kalmomi

girgije: tarin tururin ruwa da ake gani a sama, jam'i, gizagizai
laima: danshi, ɗan jiƙe-jiƙe
karmami: busasshen ganyen dawa ko gero
jinka: rufin ɗaki na ciyawa
tuge: cire itace ko shuka har da saiwa
yayyafi: ruwan sama mara ƙarfi
randa: babbar tukunyar ƙasa ta ajiye ruwan sha
mazurari: abin ɗura ruwa ko mai a kwalba, sama faɗi, ƙasa tsukakke
mafaka: wurin ɓuya daga ruwa ko haɗari
sulke: rigar ƙarfe ta kariya
aradu: wutar da take faɗowa daga hadari
hasashe: faɗin abin da ake zaton zai faru bisa alamu
ambaliya: malalar ruwa mai yawa a kan ƙasa
fari: ɗaukewar ruwa a tsakiyar damina

Nahawu

A. Jinsi. Wasu kalmomin yanayi jinsin namiji ne: hadari, ruwa, hazo, girgije, hunturu. Wasu jinsin mace ne: guguwa, tsawa, walƙiya, aradu, ƙura, damina. Muna cewa "hadari ya taso", amma "guguwa ta taso". Ku cike gurbi da ya ko ta:

1. Hazo ___ rufe gari.
2. Aradu ___ faɗa wa itacen kuka.
3. Damina ___ yi albarka.
4. Ruwa ___ ɗauke da wuri.
5. Walƙiya ___ haska gona.

B. Amsa-kama. Waɗannan kalmomi ne masu ƙarfafa ma'ana, kamar "baƙi ƙirin" da "fari fat". Ku nemo wasu guda biyu a kashi na 1, sa'an nan ku yi jumla da kowace daga cikin huɗun.

C. Hani. Ana hana aiki da kada: "Kada ku fake a gindin itace." Ku mai da waɗannan jumloli hani:

1. Ka fita cikin ruwa.
2. Ki tsallaka rafi.
3. Ku kunna wuta a daji da hunturu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin hadari da haɗari?
2. Ku kawo alamu uku da suke nuna cewa damina ta kusa a Kumbashi.
3. Me ya sa hadari yake tasowa daga gabas, alhali iska mai laima daga kudu maso yamma take zuwa?
4. Yaya iska mai sanyi da take rigan ruwa isowa take samuwa?
5. Ku ambaci iri uku na masu farautar guguwa da manufar kowane.
6. Me ya faru a El Reno a ranar 31 ga Mayu 2013?
7. Wane darasi malamai da ɗalibai za su koya daga guguwar 12 ga Janairu 1888?
8. Kun ga walƙiya, kuka ƙirga daƙiƙa 18 kafin ku ji tsawa. Nisan hadarin kilomita nawa ne? Me za ku yi?
9. Ku bayyana ma'anar wannan karin magana: "Iska tana wahalar da mai kayan kara."

Jinga

1. Ku tambayi wani dattijo a unguwarku alamun da mutanen da suke gane zuwan ruwa da su. Ku rubuta amsarsa da Hausa, cikin jumloli 10. Idan da wani harshe ya yi muku bayani, ku rubuta sunayen iska da hadari na harshen kusa da na Hausa.
2. Ku buɗe shafi a littafinku na tsawon mako biyu. Kowace rana ku rubuta inda iska take fitowa, da kamannin sama, da ko an yi ruwa. Ku kwatanta abin da kuka gani da hasashen da kuka ji a rediyo, ku kawo wa malaminku.